Daga Adar zuwa Habana: yadda makonnin farko ke kasance wa ɗalibinmu a Kyuba

Tafiya ba sabon abu ba ce ga mutumin Adar. Da zarar an gama girbi an zuba hatsi a rumbu, sai ka ga motoci sun cika da samari daga Madawa da Buza da Keita, wasu sun nufi Abijan, wasu Kano ko Legas, wasu kuma su yi arewa zuwa Libiya ko Aljeriya. Iyaye sun san kan wannan tafiya. Sun san guzurin da ake yi, sun san gidan ɗan garin da yaro zai sauka, sun kuma san cewa in Allah ya yarda kafin ruwan shuka ya dawo gida.

To amma akwai wata tafiyar da ba ta yi kama da wannan ba, wato ta yaro ko yarinyar da ta ci jarrabawar BAC, aka ba ta gurbin karatun likita a ƙasar Kyuba. Nan babu ɗan gari mai jiran ka a tasha, babu mai jin Hausa a kasuwa, Faransancin da aka sha wahalar koyo tun daga firamare shi ma ba ya sayen ko burodi. Kuma ba a dawowa da damina, domin karatun shekaru ne masu yawa. Da yake kuɗin guzurin irin wannan tafiya galibi daga buhun albasa da adashin iyaye mata yake fitowa, ya kamata mai bayarwa ya san abin da ɗansa zai tarar a can, musamman a makonnin farko, waɗanda su ne mafi wuya.

Me ya haɗa mu da Kyuba?

Kyuba tsibiri ce a tekun Karibiyan, kusa da Amurka, tazarar da ke tsakaninta da jihar Florida ba ta wuce kilomita 150 ba. Babban birninta shi ne Habana, mai mutane kimanin miliyan 2, kuma daga Yamai zuwa can kusan kilomita 9,000 ne. Harshen ƙasar shi ne Sifaniyanci, wanda ƴan lakwal ke kira espanyol.

Ƙasar ta daɗe tana karɓar ɗaliban Afirka. Tun daga 1977 aka buɗe makarantu a wani ƙaramin tsibirinta mai suna Isla de la Juventud, inda dubban yara daga ƙasashe irin su Angola da Mozambik da Habasha suka yi karatu. Bayan guguwar Georges da ta Mitch sun yi mummunar ɓarna a yankin a 1998, shugaba Fidel Castro ya kafa makarantar koyon aikin likita da ake kira ELAM, aka buɗe ta a ranar 15 ga Nuwamba 1999 a harabar wata tsohuwar makarantar sojan ruwa da ke bakin teku, yamma da Habana. Manufarta ita ce a ɗauko ƴaƴan talakawa daga ƙasashen da ke fama da ƙarancin likitoci, a koyar da su kyauta, a ba su wurin kwana da abinci, su koma su yi wa mutanensu aiki. Rukunin farko ya kammala a 2005. Da farko ƴan Latin Amurka ne suka fi yawa, daga baya ƙofa ta buɗe sosai ga ƴan Afirka, har da Nijar.

Dalilin da ya sa wannan gurbi yake da daraja a wurinmu ba ɓoyayye ba ne. A 2018 Kyuba tana da likita fiye da 8 ga kowane mutum 1,000, alhali Nijar ba ta kai ko likita 1 ga mutum 10,000 ba. Duk macen da ta taɓa ɗaukar yaro mai zazzaɓi daga ƙauye zuwa asibitin Madawa, ko ta biya kuɗin mota zuwa Galmi, ta san ma'anar waɗannan alƙaluma ba sai an fassara mata ba. Shi kansa Sifaniyancin ya taɓa ratsa kunnen mutanen yankinmu, domin bayan ƙarancin abinci na 2005, reshen Sifaniya na ƙungiyar likitocin MSF ya yi aiki a Madawa da Buza.

Kafin a hau jirgi

Guraben karatu da ƙasashen waje ke bai wa Nijar ta hannun gwamnati suke bi, kuma hukumar ANAB da ke Yamai ce ke kula da harkar tallafin ɗalibai. Saboda haka duk wanda ya tare ki a kasuwa, Hajiya, ya ce yana da hanyar Kyuba in kin kawo jika kaza, to ki riƙe lalitarki, ki tura yaro ya je ya duba sanarwa a ofishin hukuma. Gurbin gaskiya da sakamakon jarrabawa ake neman sa.

Takardu kuwa suna da yawa: fasfo, takardar haihuwa, shaidar BAC da makin da aka samu, takardar kotu mai nuna ba a taɓa kama mutum da laifi ba, katin rigakafin shawara, da sakamakon gwajin lafiya. Ana buƙatar a fassara wasunsu zuwa Sifaniyanci, a kuma buga musu hatimin hukuma. Kowace takarda kuɗi ce, kuma mai zaune a Keita ko Buza sai ya haɗa da kuɗin mota da na kwana a Yamai, wadda ke da nisan kusan kilomita 500 daga Madawa. Iyali da yawa suna lissafin guzuri kawai, su manta da wannan kashin, sai rana ta matso a fara sayar da akuya a farashin da dillali ya ga dama.

Babu jirgin da ke tashi daga filin Diori Hamani ya sauka kai tsaye a filin José Martí na Habana. Dole a sauya jirgi a wata ƙasa, a wasu lokutan ma sai an nemi izinin ratsawa. Ga kuma maganar kilishi. Kowace uwa ƴar Madawa za ta so ta cika wa ɗanta jaka da kilishin garinsu, amma ƙasashe da yawa sun hana shiga da nama, kuma ma'aikatan duwan ba sa jin roƙo. Gara a tambaya tukuna kafin a yi asara. Kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji ma a ƙulle su da kyau, a kuma nuna su idan an tambaya.

Makon farko: ga kunne, babu ji

Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. A Habana sai a ƙara da cewa kurma ne ko da yana da kunne. Abin da ke fara tarbar ɗalibi shi ne iska mai ɗumi da laima, irin wadda ke sa riga ta manne a jiki ko da ba a yi aikin komai ba. Mu zafinmu busasshe ne, da ka shiga inuwar bedi ka huta. Nasu kuwa har cikin inuwa yake bin mutum, kuma ruwan saman da ke sauka a Habana a shekara ya ninka na Adar fiye da sau biyu.

Daga nan sai binciken lafiya. Tun 1973 aka tabbatar da cewa Kyuba ta kawar da zazzaɓin cizon sauro, don haka ba sa wasa da baƙon da ya fito daga ƙasar da cutar take. Za a ɗebi jini, a yi gwaje-gwaje, a sa ido a kan sababbin zuwa na ɗan lokaci. Kada iyaye su ji an ce ana ɗibar jinin ɗansu hankalinsu ya tashi, ƙa'ida ce da ta hau kan kowa. Sai dai sauro bai ƙare a can ba, akwai mai kawo zazzaɓin dengi, wanda ya fi cizo da rana. Gidan sauro na cikin kayan da bai kamata a bari a gida ba.

Babban dutsen da ke gaban ɗalibi shi ne harshe. Wanda ba ya jin Sifaniyanci sai ya fara da watanni na koyon harshen, sannan karatun share fage a fannin lissafi da kimiyya, kafin ya shiga shekaru 6 na karatun likita. A nan ɗan Nijar yana da sa'a guda, domin Faransanci da Sifaniyanci ƴan ɗaki ɗaya ne, dukansu daga Latin suka fito, kuma wanda ya ci BAC zai gane kalmomi da yawa a rubuce tun a makon farko. Amma wannan dangantakar tana da tarko. Kalmar salir a Faransanci ɓata abu da dauɗa ne, a Sifaniyanci kuwa fita ce. Yarinyar da ta so ta ce ta ji kunya, ta jawo kalmar Faransanci ta ce embarazada, to ta shaida wa jama'a cewa tana da ciki ne. Wanda ya ce yana constipado mura ce ke damun sa. Ita kuwa entender fahimta take nufi, alhali entendre ta Faransanci ji da kunne ce, abin da ba zai ba Bahaushe mamaki ba, tun da mu kalmar "ji" ɗaya ta ɗauke mana duka biyun.

Akwai kuma kalmomin da ɗan makarantar allo zai ji kamar ya san su, saboda Musulmi sun yi mulki a sassan Andalus daga shekara ta 711 har zuwa 1492, suka bar Larabci a bakin mutanen. Sukari shi ne azúcar. Magajin gari alcalde ake ce masa, daga kalmar da ta ba mu alƙali. Idan mutumin Kyuba yana fatan wani abu sai ya ce ojalá, wadda asalinta daga faɗin "in Allah ya so" ne na Larabawa.

Wahalar ita ce abin da malam ya koyar a aji da abin da ake faɗa a titi sun sha bamban. Mutanen Habana suna magana da sauri, suna haɗiye harafin "s" na ƙarshen kalma, suna da nasu sunayen abubuwa. Motar bas guagua suke ce mata. Ɗalibin da ya fi saurin kama harshe shi ne wanda bai ji kunyar a yi masa dariya ba. Wanda ya maƙale wa ƴan uwansa masu jin Faransanci daga Mali ko Gini ko Kwango zai ji daɗin hira, amma ranar jarrabawa shi kaɗai zai zauna da takardarsa.

Abin da ke cikin kwano

Abincin yau da kullum a can shinkafa da wake ne, galibi baƙin wake, sai rogo da dankali da gwaza da ayabar dafawa. Har kuɓewa suna da ita, quimbombó suke kiran ta. Ɗan Adar ba zai ga baƙon abu a nan ba. Abin da zai rasa shi ne fura. Yaron da ya tashi da ƙwaryar fura da nono kowace hantsi zai yi makonni yana jin kamar bai ci komai ba ko da cikinsa ya cika, domin ba a cin hatsi a can kamar yadda muke ci.

Babbar matsala ga Musulmi ita ce naman alade, wanda shi ne naman da mutanen ƙasar suka fi so, kuma sau da yawa da kitsensa ake dafa wake, ko da ba a ga tsoka a ciki ba. Don haka tun kafin yaro ya iya gaisuwa mai tsawo, ya haddace kalmomi huɗu: cerdo da puerco duk alade ne, jamón namansa ne da aka sarrafa, manteca kuma kitse ne. Ya kuma san pollo kaza ce, pescado kifi, huevo ƙwai. Tambayar mai dafa abinci ba rashin kunya ba ce, kuma da yake makarantar ta daɗe tana karɓar Musulmi daga ƙasashe daban-daban, ba shi ne zai fara yin ta ba.

Ba a jin kiran salla a unguwanni. Agogo ko waya ce ladaninsa. Alƙibla daga Habana arewa maso gabas take, ba gabas sak ba. Musulmin ƙasar kaɗan ne, amma gwamnati ta amince da ƙungiyarsu a 2007, kuma a watan Yuni na 2015 aka buɗe masallacin Abdallah a tsohon garin Habana, inda ake sallar Juma'a. Daga makarantar zuwa can tafiya ce mai ɗan nisa, kuma Juma'a ranar aji ce, shi ya sa ɗalibai kan haɗu su yi jam'i a inda suke. Ita ɗaliba mai lulluɓi ta shirya wa kallo da tambayoyi, domin ba su saba ganin sa ba. Ta amsa da fara'a, ta riƙe shigarta.

Kasuwa da canji

Wannan ɓangaren ku ƴan kasuwa kun fi kowa gane shi. Amurka ta ƙaƙaba wa Kyuba takunkumin ciniki tun 1962, kuma a wannan shekarar ce aka fara raba kayan masarufi ta hanyar wani ɗan littafi mai suna libreta. Shekaru da dama ƙasar tana da kuɗi iri biyu, har zuwa 1 ga Janairu 2021 da aka fara janye ɗaya, aka bar peso. Tun daga lokacin kaya suka yi ta tsada, peso ya yi ta faɗuwa, har ɗan kuɗin kashewar da ake bai wa ɗalibi a wata ya zama ba ya sayen abin kirki. A 2021 ɗin ne kuma aka ba mutane izinin buɗe ƙananan kamfanoni da kantuna na kansu. A irin waɗannan ana samun kaya, amma da tsada, wasu kantunan gwamnati kuma kuɗin waje suke karɓa.

Kamar yadda farashin Naira a banki ya sha bamban da na ƴan canjin Birnin Ƙonni, haka ma can akwai farashin hukuma akwai na bayan fage, kuma tazarar ta taɓa yin faɗi ƙwarai. Baƙon da bai san gari ba shi ake fara cuta, sannan canjin titi yana iya jawo masa rigima da hukuma. Kada yaro ya canza kuɗinsa duka a ranar farko, ya nemi shawarar ɗaliban da suka riga shi zuwa. Sefa ba ta da amfani a can, sai a canza ta zuwa Yuro tun a gida. Lissafin ba ya motsi: Yuro 1 daidai yake da Sefa 655.957, wato Yuro 100 ya kama jika 65 da ɗan ɗori, ban da ladan mai canji. Ku sani kuma aika kuɗi zuwa Kyuba ba kamar aikawa Abijan ko Agadas ba ne, inda ake zuwa ofishi a ba da lamba a karɓa nan take. Takunkumin ya sa bankuna da kamfanoni da yawa suna gudun harka da ƙasar. Abin da yaro ya tafi da shi a hannu, shi ne jarinsa na watanni.

A kasuwar kayan gona ba a awo da tiya, da libra ake yi, wadda ba ta kai rabin kilo ba. Albasar da muke zubarwa a garka idan kasuwa ta faɗi, can cebolla ce, ana lissafa ta da ɗaiɗai. Layi kuwa yana da nasa ladabi. Idan ka iso wurin jira sai ka ɗaga murya ka ce el último, ma'ana wane ne na ƙarshe. Wanda ya amsa, bayansa kake, ko da ya koma inuwa ya zauna. Wanda bai san wannan ba ya kutsa gaba, zai sha faɗa da harshen da ba ya ji. Sabulu, man goge baki, maganin ciwon kai, audugar mata, batir da fitila, duk a saya a kasuwar Madawa a cika jaka, domin a can yau akwai gobe babu.

Wuta, waya da agogo

Ɗauke wuta ba zai firgita ɗan Nijar ba, amma ya san cewa abin ya yi tsanani a Kyuba. A ranar 18 ga Oktoba 2024 wutar ƙasar gaba ɗaya ta ɗauke bayan babbar tashar Antonio Guiteras ta tsaya, kuma hakan ya sake faruwa a 2025 fiye da sau ɗaya. Daga Yuni zuwa Nuwamba kuma lokacin guguwar teku ne, wadda kan tumɓuke itatuwa da turakun wuta. Ƙaramar fitila mai aiki da hasken rana, irin wadda ake sayarwa a kowace kasuwarmu, tana iya zama abin da ya fi komai amfani a jakar ɗalibi.

Kamfanin waya ɗaya ne a ƙasar, sunansa ETECSA, kuma sai a Disamba 2018 aka fara samun intanet a wayar hannu. A ƙarshen Mayu 2025 kamfanin ya taƙaita kuɗin da mutum zai iya sawa da peso a wata, abin da ya jawo ƙorafin ɗaliban jami'a. Ma'anar wannan ga uwa ita ce, idan kwana uku suka wuce ba ki ji muryar ɗanki a WhatsApp ba, kada ki fara kuka ki tara maƙwabta. Wataƙila wuta ce babu, ko layin da bai samu ba tukuna.

Ga kuma bambancin lokaci. Muna gaban Habana da awa 5 daga Maris zuwa farkon Nuwamba, da awa 6 a sauran watanni. Idan kin idar da sallar asuba kin ɗauki waya da ƙarfe 6, a can ƙarfe 1 na dare ne ko sha biyu. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan isha'i a nan, sa'ad da can la'asar ta yi, an tashi daga aji.

Mako na uku

A kwanakin farko komai sabo ne, ga teku, ga tsofaffin motoci, ga abokai daga ƙasashen da bai taɓa jin sunansu ba. Sai an shiga mako na uku ko na huɗu, ɗoki ya kwanta, sannan kewar gida take sauka da nauyinta. Yaron da ya saba zama na ɗaya a ajinsu na lise a Tawa ya ga ya kasa haɗa jimlar da ɗan shekara biyar ke faɗa a titi. Barci ya ƙi zuwa, abinci ya gundure shi. A wannan lokacin ne wasu kan buga waya su ce su dai a nemo musu kuɗin jirgi.

Abin da aka faɗa masa daga gida a wannan rana yana da nauyi ƙwarai. Kada a yi masa gori da kuɗin da aka kashe, kada kuma a tsorata a ce ya dawo. A saurare shi, a ba shi labarin gida mai daɗi, yadda albasa ta yi a fadama da wanda aka yi wa aure a unguwa, a tuna masa cewa sannu ba ta hana zuwa. A tambaye shi ko ya nemi ƴan Nijar da suka riga shi, domin su ne iyayensa a can. Kuma a daina tambayar sa abin da zai aiko. Ɗalibi ba ɗan cin rani ba ne, bizarsa ta karatu ce, ba shi da albashi. Wanda aka matsa wa da roƙo shi ne kan faɗa harkar saye da sayarwa ta bayan fage, ya rasa karatun, wani lokacin har da gurbin.

Harshen da ya gagara a makonnin farko yakan fara sakin jiki bayan ƴan watanni, har yaro ya wayi gari yana ciniki da mai kayan miya ba tare da ya fassara a zuci ba. Shekara biyu na farkon karatun likita a harabar ELAM ake yin su, daga nan a rarraba ɗalibai zuwa asibitocin jihohin ƙasar, inda za su fara duba marasa lafiya da harshen da suka zo ba su san ko gaisuwarsa ba.

Ga iyayen da ƴaƴansu ke ajin ƙarshe na lise a bana, shiri tun yanzu ake fara shi: a nemi takardar haihuwa da fasfo da wuri, a ware wani abu daga cinikin albasa ko kwasar adashi, a sa yaro ya fara koyon ƙirga da gaisuwa da Sifaniyanci ko da a waya ne. Su kuma waɗanda suka tafi, asibitocin Buza da Keita da Madawa suna jiran su. Allah ya kai su lafiya, ya ba su abin da suka je nema, ya dawo mana da su cikin aminci.